Da aka daina kula da Windows 10: abin da na yi da kwamfutocin shagona a Nima

Shagona yana Nima, a birnin Accra, ba nisa da titin da ya miƙe zuwa Maamobi. Aikinmu buga takardu ne da fotokwafi da cike fom a intanet: neman fasfo, duba sakamakon WAEC, duba makarantar da aka tura yaro bayan jarrabawar BECE, katin aure da na suna, wani lokaci har da takardun maniyyata. Kwamfutoci huɗu ne a shagon, ta biyar kuma laftof ce da ke gida a hannun uwargida. Dukkansu 'yan gwanjo ne, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan sun gama bautar ofisoshin Turai da Amurka, kuma kowacce Windows 10 ce a kanta.

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 10 a watan Yulin 2015, ya kuma sanar tun da wuri cewa ranar 14 ga Oktoba 2025 zai janye hannunsa daga gare ta. Shekara goma ba kaɗan ba ce, ni ban ga abin zargi a nan ba. Abin da ya sa lamarin ya fi yi mana nauyi shi ne, a can ake fara ƙirga shekarun. Na'urar da wani ofis a Ingila ya saya sabuwa fil, ya more ta shekara biyar ko shida, ita ce take isowa hannunmu muna murnar mun yi sabon kaya. Su lokacin da wa'adin ya cika sun daɗe da canzawa. Mu kuwa a tsakiyar cin moriyarta sanarwar ta riske mu.

Da farko sai da na rabu da jita-jita. An yi ta yaɗawa a unguwa cewa ranar da wa'adin ya cika kwamfuta za ta mutu, ko ta ƙi buɗewa sai an biya kuɗi. Babu wannan. Za ta kunnu, za ta buga takarda, za ta shiga intanet kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro, wato gyaran da kamfanin ke aikowa duk ranar Talata ta biyu a wata don toshe kafofin da aka gano masu kutse za su iya bi. Kuma ga inda haɗarin yake: Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a yawancin kayan cikinsu. Duk watan da aka yi wa ta 11 faci, masu kutse suna zama su duba me aka gyara, su koma su gwada a kan ta 10. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna biyu da kwaɗo iri ɗaya, kafinta ya zo ya gyara na ɗaki ɗaya, sannan ya tsaya a tsakar gida yana faɗa wa kowa yadda ake ɓalle shi.

Wanda ya tuna watan Mayun 2017 ya san ba tatsuniya ba ce. A lokacin ne cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansar dala 300, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Birtaniya. Facin da zai hana ta shiga ya fita tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su saka shi ba ne ta ci. Abin ya kai sai da Microsoft ya yi wa Windows XP facin gaggawa, alhali tun Afrilun 2014 ya sallame ta. Ba kullum za a yi irin wannan alfarmar ba.

Maƙwabcina Alhaji, mai shagon sayar da kayan waya, ya ce mini, "Malam, kana wahalar da kanka. Tawa tun da na saye ta ban taɓa barin ta ta yi wani sabuntawa ba, ga ta nan lafiya lau." Gaskiya ya faɗa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Masu gyara da yawa suna kashe sabuntawar tun ranar da suka ɗora Windows, wasu don kada ta cinye wa mai ita data, wasu don Windows ɗin ba ta halak ba ce, suna tsoron a gano. Ke nan kwamfutoci da yawa a zangonnin Accra sun daɗe da zama marayu tun kafin Oktoban 2025. Amma Alhaji ƙwallo yake kallo a tasa, da lissafin kayan shago. Ni kuwa a cikin nawa akwai hoton Ghana Card na mutanen unguwa, gaba da baya, da shafin farko na fasfo, da takardun haihuwa, da takardar filin wata gwauruwa da take shari'a a kai. Mutum ya zauna ya buɗe imel ɗinsa, ya rubuta kalmar sirrinsa a kan kibod ɗina, saboda ya san ni, ya san mahaifina. In aka sace katin wata baiwar Allah aka yi rajistar layin waya da shi aka damfari wani, ita za a fara nema, kuma ba za ta taɓa sanin daga shagona abin ya fita ba. Wannan ne ya hana ni bin shawarar Alhaji. Kayan amana ne, ba nawa ba ne balle in ce na yafe.

Na kira ɗan yayata da ke karatun kwamfuta, muka ware daren Juma'a bayan an tashi daga shago. Kafin ya taɓa komai ya ce, "Kawu, a fara kwashe kaya." Muka kwafe duk abin da ke da amfani zuwa faifan ajiya na waje, muka buɗe wasu fayilolin daga can don mu tabbatar sun kwafu da gaske. A nan ne na zauna na share tarin hotunan katunan mutane da aikinsu ya ƙare tuntuni. Abin da ba ya cikin na'ura ba mai iya sace shi daga cikinta.

Sannan muka bi su ɗaya bayan ɗaya da wata 'yar manhaja ta Microsoft mai suna PC Health Check, wadda ke faɗa maka ko na'urarka za ta ɗauki Windows 11. Sharuɗɗan ba su da yawa: ram gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tsarin tashi na Secure Boot, sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Furosesar ce take kayar da yawancin 'yan gwanjo, domin in ta Intel ce sai zubi na 8 zuwa sama, in ta AMD ce sai Ryzen 2000 zuwa sama. Gane zubi ba wuya: daga na 2 zuwa na 9, lambar farko bayan i3 ko i5 ko i7 ita ce, daga na 10 zuwa sama kuma lambobi biyu na farko ne. In ka ga i5-4570, zubi na 4 ne. In ka ga i5-8500, na 8 ne.

Duka biyar manhajar ta ce ba su cancanta ba. Na yi shiru ina lissafin kuɗin kwamfuta biyar a zuciyata.

Yaron bai yarda ba. Ya ce kwamfutar da ke kan kantar shago, wadda nake karɓar aiki da ita, zubi na 8 ce, babu dalilin da za ta faɗi. Ya kashe ta ya shiga BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, sai ga TPM ɗin yana nan, a kashe kawai yake. Ya kunna. Saura Secure Boot, shi kuma ya ƙi saboda wanda ya ɗora mata Windows tun farko ya bi tsohon tsari, ya tsara faifan a kan MBR maimakon GPT. Akwai hanyar juya faifan ba tare da an goge ba, amma tunda mun riga mun kwashe kaya, muka zaɓi gogewa gaba ɗaya a ɗora sabuwa. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, don haka da datar tsakar dare muka sauke shi, kuma sai da na jona na'urar a batirin ajiyar wuta kafin mu fara, don ɗauke wuta ana tsakiyar wannan aiki ba ƙaramar masifa ba ce. Lasisinta na halak ne, Windows 11 ta karɓe shi ba a nemi ko pesewa ba. Duk wanda manhajar ta ce masa a'a, ya duba dalilin da ta bayar kafin ya yanke ƙauna. In furosesa ce, babu yadda za a yi. In TPM ne ko Secure Boot, sau da yawa kunnawa kawai ake yi.

Sauran huɗun kam furosesa ce: biyu da kwastomomi ke zama a kansu zubi na 4, ta zane-zane zubi na 6, laftof ɗin gida zubi na 7, wadda ta faɗi da taki ɗaya tak.

Na je unguwar Circle, wajen masu gyara na Tip Toe Lane, in ji ta bakinsu. Wani da na saba da shi ya ce, "Maigida, kawo su duka, yau ɗin nan zan sa maka 11." Ba ƙarya yake ba. Da manhaja irin Rufus ana shirya filashin da zai tsallake binciken TPM da na furosesa, Windows 11 ta hau kan tsohuwar na'ura ta yi aiki. Na ga wadda ya yi wa haka, tana tafiya ba laifi. Na daɗe ina juya maganar, don ita ce mafi arha kuma babu wanda zai koyi sabon abu. Abin da ya tsayar da ni shi ne Microsoft ya faɗa a fili cewa na'urar da aka ɗora wa Windows 11 ba tare da ta cika sharaɗi ba, bai yi mata alkawarin sabuntawa ba. Yau tana samu, gobe sai yadda ta yiwu. Kuma kowane zubin shekara na Windows 11 wata 24 ne wa'adinsa, ga shi wadda aka shigar ta bayan gida ba kasafai take hawa sabon zubi da kanta ba, sai an sake kai ta wajen mai gyara. Ni faci nake nema. In bi hanyar da ba ta lamunce mini facin ba, me na yi ke nan? Ga mai kwamfutarsa shi kaɗai, wanda ya iya bibiya, ban ce kada ya yi ba. A shagon da yara ke zama ina can ina fotokwafi, ban ga zan iya sa ido ba.

Hanya ta biyu ita ce sayen ƙarin lokaci. Microsoft ya buɗe shirin da ya kira ESU, wanda a lokacin ya ce zai ci gaba da aiko wa Windows 10 facin tsaro kawai, ba sabon abu, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ga mai amfanin kansa, a lokacin hanya uku ce: ya biya dala 30, wanda a lokacin ya haura sidi 300, ko ya ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ya yarda a riƙa ajiye saitunan na'urarsa a asusunsa na Microsoft, ya samu kyauta. Dole na'urar ta kasance a kan zubin ƙarshe, 22H2, lasisinta na halak, kuma sai da asusun Microsoft. Na so in sa duka a ciki, sai yaron ya nuna mini inda aka rubuta cewa wannan na gida ne, ba na wurin kasuwanci ba. Na 'yan kasuwa dala 61 ne kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara har shekara uku. In ka tara na shekara ukun, dala 427 ke nan a kan kwamfuta ɗaya, abin da ya isa a sayo wata mai kyau. Don haka laftof ɗin gida kaɗai na sa, ta hanyar kyautar. Uwargida ta tambaye ni, "To bayan shekarar fa, Malam?" Na ce mata bayan shekarar sai wata na'urar, ko ta koyi abin da za mu sa a shago.

Abin da muka sa a shago Linux Mint ne, wata babbar manhaja da ake ɗorawa a maimakon Windows, kuma a nan na fi ɓata lokaci, don ban taɓa aiki da shi ba. Na tambayi kaina me ake yi a kan waɗannan biyun na kwastomomi. Kusan duk aikin cikin burauza yake, wato manhajar buɗe shafukan intanet: shafin fasfo, shafin WAEC, imel, WhatsApp, sai ɗan rubutun wasiƙa. Burauza kuwa ba ruwanta da wace babbar manhaja ce a ƙarƙashinta. Linux Mint kyauta ne, fayil ɗinsa kusan gigabait 3, ram gigabait 4 ya wadace shi, kuma zubi na 22 da ya fita a 2024 za a ci gaba da yi masa faci har 2029. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ana iya tada shi daga filashi a gwada komai ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Haka muka yi. Muka gwada sauti, muka gwada intanet, muka tura takarda zuwa firinta. Firintar HP ce, ya gane ta da kansa ba a nemi ɗora wata manhaja ta daban ba. Tsohuwar sikana ɗina kuwa ko kallonta bai yi ba, sai na mayar da ita kan kwamfutar kanta.

Inda aka sha fama shi ne takardun Word. A Linux Mint, LibreOffice ce ke buɗe su, kuma tana buɗewa, amma in babu irin harafin da aka rubuta takardar da shi, sai layuka su goce, wasiƙar shafi ɗaya ta zubo zuwa na biyu. Wani ɗalibi ya kawo aikin makaranta mai tebura da yawa, muka buga, teburin ƙarshe ya rabu biyu, dole na sake buga masa a aljihuna. Maganin da muka samu biyu ne. Yaron ya sauke haruffan Times New Roman da Arial, da wani mai suna Carlito wanda faɗinsa daidai yake da na Calibri, sai yawancin takardu suka daidaita. Na biyu kuma doka ce na kafa: duk wanda zai buga abu mai muhimmanci ya mayar da shi PDF tun daga wayarsa, in kuma gyara yake so a yi masa, a kawo kan kwamfutar kanta. Rubutun Larabci na malaman makarantun allo da na islamiyya yana tafiya daga dama zuwa hagu yadda ya kamata. Na kuma tarar a jerin kibod ɗinsa akwai na Hausar Ghana da na Hausar Najeriya, mai ba da ɓ da ɗ da ƙ kai tsaye, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai, don na gaji da ganin an rubuta sunayen mutane ba lanƙwasa a katin aure.

Kwastomomi fa? Na yi zaton za a yi ta ƙorafi. Yawancinsu ba su ma lura ba, tunda maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda suka saba, ga kuma Chrome da muka sa. Samari masu son ɗora wasanni ne kawai suka ɓata rai, ni kuma hakan bai dame ni ba. Mun buɗe wa baƙi asusu dabam wanda ba shi da ikon ɗora komai, kuma duk dare ana share abin da aka sauke a cikinsa.

Ta zane-zane ce ta fi ba ni ciwon kai, har yanzu ma ban ce na gama da ita ba. A kanta CorelDRAW yake, da shi muke katunan biki da allunan talla da kalandar makarantu, kuma ba a yin sa don Linux. Akwai Inkscape, mun gwada, yana da kyau, amma tarin tsofaffin zanen da muke ɗauka mu canza suna da kwanan wata duk a tsarin Corel suke, kuma yarinyar da ke mini wannan aiki hannunta ya faɗa a can. Sana'ar da ke ciyar da gida ba a yi mata gwaji ana dab da lokacin bukukuwa. Sai na bar mata Windows 10, na raba ta da intanet gaba ɗaya: na zare wayar, na cire ɗan abin kama wayales ɗin na sa a aljihun tebur. Na'urar da ba ta fita waje, mai kutse daga nesa ba shi da hanyar zuwa gare ta. Ƙofar da ta rage ita ce filashi, kuma duk mai shago irin nawa ya san cutar nan da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi marasa komai. Don haka filashin kwastoma ba ya shiga cikinta. Hoto ko rubutu sai ya sauka a kan kwamfutar kanta, a bincike shi, sannan a ɗauka da filashin shago. Akwai wahala, yarinyar ma ta ce, "Baba, wannan zirga-zirgar ta yi yawa." Na ce ta yi haƙuri, na ɗan lokaci ne.

Akwai masu cewa ai riga-kafin Defender yana nan, kuma Microsoft ya ce zai ci gaba da sabunta masa jerin cututtuka a Windows 10 har 2028. Haka ne, yana da amfani. Sai dai aikinsa kama mugun fayil ne da ya gane, ba ya toshe kafar da ke jikin Windows ɗin kanta. Sannan sauran manhajoji ma za su janye a hankali. Windows 7 an daina kula da ita a Janairun 2020, Chrome ya ci gaba da tafiya a kanta zuwa farkon 2023, daga zubi na 109 ya tsaya. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba kuma, Office 2016 da Office 2019 su ma a ranar 14 ga Oktoba 2025 wa'adinsu ya cika. Wanda ya hau Windows 11 ya bar tsohon Office yana buɗe duk takardar da aka turo masa, rabin aiki ya yi.

Ko ɗaya ban zubar ba, kuma na ji daɗin haka. Duk wanda ya san Agbogbloshie, a nan Accra, kafin a rushe wurin 'yan gwangwan a 2021 ya ga inda irin waɗannan na'urori ke ƙarewa, da hayaƙin wayoyin da ake ƙonawa don a ciri tagulla, kuma yawancin yaran da ke shaƙar hayaƙin 'yan arewa ne, 'yan'uwanmu. Kwamfutar da ke aiki lafiya ba ta cancanci wuta don kawai an daina aiko mata da faci ba. Wanda kuma ya zama dole ya sayar wa 'yan gwangwan, ya cire faifan ajiyar tukuna ya riƙe ko ya farfasa shi, domin sharewa ta yau da kullum ba ta hana wanda ya iya dawo da fayiloli.

Yanzu na shiga adashi don maye gurbin ta zane-zanen, in Allah ya yarda ta gida ta biyo baya. Gwanjo zan sake saya, don sabuwa ta fi ƙarfina, amma mai sayarwa zai kunna mini ita a gabana in karanta lambar furosesar da idona, in ga TPM 2.0 a kunne, in ga Windows 11 ɗin da ke kanta ta ƙofar gaba ta shiga. Tun da wa'adin ya cika, 'yan zubi na 6 da na 7 sanye da Windows 11 sun yi yawa a kasuwa, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai faɗa maka yadda aka ɗora ta ba sai ka tambaya.